Abinci na nan a gidan amma ɗana sai ramewa yake, ni kuma kullum kuka

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ɗana watansa 11, shi ne na biyu. Wata uku kenan duk muka je awo nauyinsa bai ƙaru ba, wancan satin ma nas ta ce raguwa ya yi, ta yi min faɗa gaban mutane wai bana kula da shi. Wallahi ba rashin abinci ba ne, babansa yana iya ƙoƙarinsa. Ni ce dai tunda na haihu ban koma daidai ba, bana barci ko yaron ya yi barci, abinci baya min daɗi, sai in zauna in ta kuka ban san dalili ba, wani lokacin ina jin kukansa amma tashi ya gagare ni. In na ba shi cokali biyu ya kau da kai sai kawai in ajiye. Mamata ta ce son jiki ne, maigida ya ce rashin godiyar Allah ne. Wani sa'in ji nake da bana nan da sun samu wadda za ta fi ni kula da su. Anti ni muguwar uwa ce?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa don kada ki yi ta karatu gabanki na faɗuwa. A'a, ke ba muguwar uwa ba ce. Duk abin da kika lissafo min, rashin barcin da rashin jin daɗin abincin da kukan da mutuwar jikin, har da ganin kanki a matsayin wadda ba ta da amfani, alamomin ciwo ɗaya ne da likitoci suka daɗe da sani, ciwon damuwa, wanda kike ji ana cewa difireshan, kuma ana warkewa.

Amma kafin mu zo kan yaro da cokali akwai maganar da kika yi wadda ba zan tsallake ba, inda kika ce da ba kya nan. Ciwon ne yake raɗa miki wannan, haka yake yi wa da yawa daga cikin waɗanda ya kama da ƙarfi, sai ya nuna musu kamar su ne nauyi a kan mutane. Ina roƙonki yau ɗin nan ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, yayarki ce ko ƙawa ko shi maigidan, ki faɗa da irin kalmomin da kika rubuto min kada ki sassauta. In kuma tunanin ya taɓa wuce haka, ya kai kina ayyana yadda za ki cutar da kanki ko yaron, ko kina jin magana babu kowa, ko kin yi kwana biyu uku ba ki runtsa ba sam har kanki ya fara rikicewa, toh wannan asibiti ne a ranar ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar ki ke kaɗai har sai likita ya gan ki.

Kinga yawancin masu jego suna ɗan shiga wani yanayi 'yan kwanaki bayan haihuwa, hawaye ba dalili, saurin fushi, amma kafin sati 2 ya wuce da kansa. Naki wata 11 kenan, ya wuce a ce a jira. Kuma ba ke kaɗai ba ce wallahi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar da ta shafi tunani, akasari wannan ciwon damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20 cikin 100, wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Ki tuna layin awon nan da aka yi miki faɗa a ciki, ki ƙirga matan da ke zaune biyar biyar. Kowa dai ta yi shiru ne da nata.

Toh yanzu me ya haɗa damuwarki da sikelin yaro, tunda abinci na nan? Nan ne nake so ki nutsu, sabida nan ne mutanen gidanku suka kasa ganewa. Mutane suna ɗauka ciyar da yaro shi ne a dafa a ajiye. Babba ne ake yi wa haka. Yaro ɗan wata 11 cikinsa bai wuce ƙaramin kofi ba, ba zai iya cin da yawa a zama ɗaya ba, shi ya sa masana suka ce daga wata 9 zuwa wata 23 sai ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, ga nono kuma yana ci gaba da sha. Kuma kowane zama ɗaya aiki ne sosai, ya karɓi cokali biyu ya kau da kai ya kalli wani abu, a jira shi, a kira sunansa, a buɗe baki a yi masa kamar ana ci, ya yi dariya a samu a zura na uku, ya tofar a share a sake, ya kama cokalin da hannu a bar masa a ɗauko wani, haka haka kafin a ga ƙasan kwano an yi minti ashirin ko talatin. Kau da kan da yake yi ba kullum ne ƙoshi ba, sau da yawa hankalinsa ne ya tafi wani wuri yana jira a dawo da shi. Ki duba abin da wannan zaman yake buƙata, ƙarfin jiki da haƙuri da sakin fuska, su ne kuwa daidai abubuwan da ciwon damuwa yake fara ƙwacewa daga hannun mutum. Ajiye kwanon da kike yi bayan cokali biyu kenan. Ƙarfin na ukun ne babu.

Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah a ɗakin yara a asibiti, har yau ina ganinta a idona. Ta ɗebo abinci a cokali ta ɗaga, yaron ya buɗe baki yana jira, ita kuma idonta na kan bango ta yi nisa, cokalin na tsaye a iska har abincin ya fara ɗiga a cinyarta. Yaron ya jira ya jira, ya rufe bakinsa ya kwantar da kai a ƙirjinta, ko kuka bai yi ba. Da na taɓa ta firgigit ta dawo, ta kalli cokalin ta fashe da kuka. Wallahi duk wanda ya ga yadda ta rungume yaron nan ba zai ce ba ta son sa ba.

Rashin kukan nan nasa shi ya fi tsaya min a rai, kuma shi nake so ki lura da shi a wajen naki. Jariri fuskar uwarsa yake karantawa, wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya gwada wannan tun a shekarun 1970, ya sa uwa ta yi wasa da jaririnta sannan ta ɗaure fuska na 'yan mintuna ba murmushi ba magana, sai jaririn ya yi ta ƙoƙarin janyo hankalinta, ya yi murmushi ya miƙa hannu ya yi ƙara, in ya ga ba amsa sai ya juyar da kai ya yi laƙwas. Yaron da ya saba kira ba a amsawa da wuri yana rage kiran, shi kuma yaron da tamowa ta fara kamawa dama jikinsa mutuwa yake, sha'awar abinci ta ragu, sai ka ji ana yabonsa wai yaro mai haƙuri ba ya rigima, alhali shirun nan ne yake sa a ƙara mantawa da cikinsa.

Ga maganar nono kuma. Damuwa ba ta ƙafar da nono kamar yadda ake faɗa, tana dai iya sa ya yi jinkirin saukowa na ɗan lokaci, abin da yake rage shi da gaske shi ne raguwar tsotso, in ba a sa yaro akai akai jiki sai ya ɗauka ba a buƙata ya rage samarwa. Sai ƙananan ayyukan da mai lafiya ba ta ma ɗauke su aiki ba, wanke hannu kafin a ba shi abinci, wanke kwanonsa, rufe abin da ya rage, lura da cewa gudawar nan ta kwana biyu a tashi a tafi asibiti, duk sai su zama dutse a kan mai wannan ciwon. Gudawa kuwa tana wanke ɗan abin da ya ci, ya rame, ramewar ta sa ciwo ya fi saurin kama shi, ke kuma ganinsa a haka ya ƙara miki baƙin ciki da zargin kai, barcin ya ƙara ƙaura, abin ya yi ta zagayawa.

Ba hasashena ba ne wannan. A 2004 wani likitan ƙwaƙwalwa, Atif Rahman, da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi a karkarar Rawalpindi a Pakistan, sun bi mata tun suna da ciki har yaransu suka shekara, suka ga jariran matan da ke da ciwon damuwa haɗarin su kasa kai nauyin da ya dace ya ninka kusan sau 4 a wata 6, ya ninka kusan sau biyu da rabi a wata 12, kuma sun fi yawan gudawa. A 2011 kuma Pamela Surkan da tawagarta suka tattara bincike 17 daga ƙasashe 11 masu tasowa, uwa da ɗa kusan 14,000, suka ga yaran matan da ke fama da damuwa yiwuwar rashin nauyi ko tsumburewa a wajensu ta kai kusan ninki ɗaya da rabi ta sauran yara. Na kawo miki waɗannan ne don ki san abin da ke faruwa a ɗakinki sananne ne, an gan shi a dubban gidaje, kada ki mayar da su sandar dukan kanki. Kuma gaskiya ba duk yaron da ya rame ne uwarsa ke da damuwa ba, talauci da rashin mai taimako da zaman gidan da babu kwanciyar hankali suna iya kama uwa da ɗa a lokaci guda, shi ma yaron yana iya samun nasa ciwon daban da ke hana shi ƙiba. In akwai duka ko tsangwama a zamanku wanda ba ki rubuto ba, dan Allah ki faɗa wa likita shi ma, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon nan.

Abin da nake so ki yi a satin nan, ki koma asibitin. Na san ba kya son sake haɗa ido da nas ɗin, ni ma faɗan da ta yi miki gaban mutane bai min daɗi ba ko kaɗan, da ta tambaye ki ya jikinki ke da ta gano abin da na gano daga saƙo ɗaya, amma kada kunyar ranar ta sa ki daina zuwa awo, in da hali ki je da wani ya raka ki. Ki ce likita kike son yaron ya gani sabida wata uku nauyinsa bai ƙaru ba har ya ragu, a duba ko akwai ƙarancin jini ko tsutsar ciki ko ciwon baki ko tarin da ya daɗe ko wani abin. Ki ce a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku, a yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 in ya gaza santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani kenan, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga nan zuwa sama kore. A gida ma za ki iya danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga daƙiƙa uku ki ɗaga, in wurin ya lotsa ya zauna a ƙafa biyun toh kumburin tamowa ne, kada ki kwana. Haka in ya ƙi nono gaba ɗaya, ko duk abin da ya ci sai ya amayar, ko ya yi laushi da ƙyar ake tashinsa, ko ya yi jijjiga. In aka ba ku abincin maganin nan na leda da ake ba masu tamowa, nasa ne shi kaɗai, magani ne, ko yayansa ya yi kuka kada a raba musu.

A wannan zuwan dai, kafin ki tashi daga kujerar, ki ce "likita ni ma ba ni da lafiya, tunda na haihu bana barci, kullum kuka nake, har ina jin gara bana nan." In kin san bakinki zai yi nauyi ki rubuta a takarda ki miƙa, ko ki nuna saƙon da kika turo min a waya. Akwai wasu tambayoyi 10 da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya tun 1987 don gano wannan ciwon a wajen masu jego, 'yan mintuna ake yi a amsa su. Ki nemi a duba jininki ke ma, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod suna kawo irin wannan kasalar bayan haihuwa. Maganin kuwa iri biyu ne, akwai zaman tattaunawa da wanda aka horar, a koya miki yadda za ki kama mugun tunanin in ya taso ki auna shi ki sauya shi, a kuma dawo da ke kan harkokinki kaɗan kaɗan, akwai kuma ƙwaya in abin ya yi nauyi. Kada tsoron shayarwa ya hana ki, akwai magunguna irin su sertraline da likitoci ke ba masu shayarwa sabida kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, ki dai faɗa masa kina shayarwa. Suna ɗaukar sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin ki fara jin canji, kuma ba a yanke su da kai don an ji sauƙi. Ki rufa min asiri kada ki sayi maganin barci da kanki.

Ga wani abu da ya sa na dage sai an duba ku biyun tare. Shi Atif Rahman ɗin ya koma ya horar da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida gida, ba likitoci ba, suna zama da masu ciki da masu jego suna wannan tattaunawar, aka fitar da sakamakon a 2008, mata 903 ne a ciki. Bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon a cikin waɗanda aka yi wa zaman, a cikin waɗanda ba a yi wa irin wannan zaman ba kuwa kashi 53. Yaransu gudawa ta ragu, rigakafi ya ƙaru, iyayen suka fi yin wasa da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Amma nauyi da tsawon yaran bai bambanta sosai ba. Abin da na fahimta a nan shi ne warkewarki dole ce, amma yaro ba zai iya jiran ki warke kafin ya ci ba, shekara biyun farkon nan su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa da sauri, tsawon da aka rasa a cikinsu da wuya a maido shi duka.

Don haka cokalin nan a raba shi. Wannan sashen ki miƙa wa maigida ya karanta da kansa. Malam, barka da ƙoƙari, ita da bakinta ta ce kana iya yinka wajen kawo abinci kuma na yaba. Amma matarka ba ta da lafiya, yadda mai ciwon suga ko hawan jini yake da imaninsa kuma yake shan magani haka ita ma, a yi addu'a a kuma je asibiti, kalmar rashin godiyar nan tana ƙara danne ta ne kawai. Ka ɗauki ciyarwa ɗaya a rana ta zama taka, ta safe kafin ka fita ko ta dare in ka dawo, ka zauna da ɗanka har ya ci. Ka samar mata barcin awa huɗu ko biyar a jere ba tare da an tashe ta ba, ko da sau uku ne a sati, ka raka ta wajen likita ka ji da kunnenka. Maganar magani kuma, da kuɗinsa da ko an sha shi, ka riƙa bibiya.

Mama kuma a bi ta a hankali, a zamaninsu ba a san sunan abin ba, da yawansu sun sha shi sun haɗiye. Ba sai kin yi gardama da ita a kan son jiki ba, ki ce mata likita ya ce jikanta sai ya ci sau huɗu kuma ke ba za ki iya ke kaɗai ba, ta taimaka da na rana ko ta turo wadda za ta zauna da ku na 'yan makonni. Da wuya kaka ta ƙi wannan.

Zaman da ya rage naki, ki sauƙaƙa wa kanki. Kwanonsa daban don a san iya abin da ya ci, ki zaunar da shi yana kallon fuskarki, abincin ya zama mai kauri wanda ba ya zubewa daga cokali don mai ruwa ruwa cika ciki kawai yake, a ɗan sa mai a ciki, a samu ƙwai ko kifi ko nama ko wake a rana gwargwadon hali. In ya kau da kai ki ƙirga ashirin a ranki ki sake miƙawa, in ya ƙi sau uku ki bari sai bayan awa ɗaya, kada a yi masa ɗura, yana iya shaƙewa kuma yana sa yaro ya tsani abinci. Murmushin ko bai zo daga zuciya ba ki kira sunansa, ki faɗa masa abin da kike yi, muryarki ma tana aiki. Ki sa naki kwanon kusa da nasa, ya ci cokali ki ci loma, mai shayarwa ce ke jikinki na buƙata. Ranar da kika tashi kika ji yau kam ba za ki iya ba, ki faɗa da wuri tun da safe a samu wanda zai karɓa, ba laifi ba ne. Ki kuma riƙa fita ko ƙofa ce ki sha iska minti goma da shi a hannu, ki kira mutum ɗaya a waya kullum ko gaisuwa ce kawai.

Allah ya ba ki lafiya ƙanwata, ya raya mana yaron nan. In kun dawo daga asibitin ki rubuto min abu biyu, lambar da tef ɗin ya nuna a damtsensa, da kuma wa kika faɗa wa maganar nan yau. Ina jiran saƙonki.